Doki da Hadari a Tarihin Ƙasar Gumel



Gabatarwa

Sa'ad da aka nemi in gabatar da wannan lacca, na ce zan yi magana a kan doki da hadari, sai wani abokin aikina ya yi dariya, ya tambaye ni ko tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe ne ya ƙare har na koma barga. Amsar da na ba shi da ita zan fara. Duk wanda ya karanta tarihin ƙasar Hausa da Barno ya san cewa a bisa doki aka kafa mulki, a bisa doki kuma aka tsare shi, har zuwa farkon ƙarni na 20. Amma marubutanmu sun saba su kawo sunan sarkin da ya hau da sunan garin da aka ci, su manta da mutumin da ya kwana a gindin turke yana lallashin dabbar da aka hau. Doki kuwa, duk da girmansa da kwarjininsa, dabba ce matsoraciya. Tsumma in iska ta kwaso shi yana iya sa ingarma ya kayar da mahayinsa. To, yaya aka yi dabba mai irin wannan hali ta zama makamin yaƙi a ƙasar da hadari ke tasowa da ƙura da tsawa kamar sama za ta tsage? Wannan ita ce tambayar da nake so mu duba.

Na zaɓi ƙasar Gumel, watau masarautar da a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu na arewacin Jihar Jigawa: Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Dalilina shi ne ƙasa ce ƙarama wadda ta rayu a tsakanin manya, kuma fili ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, ba dutse ba babban kogi da za a fake da shi. Irin wannan ƙasa ganuwarta biyu ce, ta ƙasa da aka gina, da ta dawaki.

1. Gumel, ƙasar kan iyaka

Tarihi ya nuna cewa wajen shekarar 1750 ne Ɗan Juma ya kafa wannan sarauta tare da jama'arsa Mangawa, kuma ba a daɗe ba ta shiga ƙarƙashin Barno tana kai gaisuwa. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, Kano da Katsina da Daura da Haɗeja duk suka shiga hannun masu tuta, amma Gumel ba ta taɓa zama ƙarƙashin Sakkwato ba. Ta zauna a matsayin ƙofar Barno ta yamma. A zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma aka taso da fada daga Tumbi, wadda a yau take cikin Jamhuriyar Nijar, aka dawo garin Gumel na yanzu.

Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka a Gumel cikin watan Maris na 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya iske gari cike da jama'a, ya kuma bayyana shi da cewa babbar kasuwar kanwa ce, inda fatake ke sauke kanwar gabas, wasu su ɗauka su yi kudu da ita. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854, bayan rasuwar Ɗan Tanoma, sai ya tarar rikicin gadon sarauta ya ɗaiɗaita garin. Ku riƙe maganar kanwar nan, domin za mu komo kanta in mun shiga barga.

A kudu maso gabas akwai Haɗeja, wadda yaƙi da ita bai lafa ba sai da Sarkin Gumel Abdullahi ya rasu a 1872. A arewa akwai Damagaram, wadda ta yi ƙarfi ƙwarai a zamanin Sarki Tanimu, ta kuma riƙa kai hare-hare kudu har ƙarshen ƙarnin. A kudu maso yamma ga Kano. Mahara a bisa dawaki suke zuwa, su kwashi mutane da dabbobi su juya kafin gari ya farga, saboda haka wanda ba shi da dokin bin sawu ba shi da abin yi sai kuka. Ke nan a irin wannan wuri, dokin da zai tsinke igiya ya ɓace cikin daren hadari, ko ya karye a turke saboda firgita, hasararsa ta wuce ta mai shi kaɗai, ta shafi gari duka.

Ba kuwa abu ne mai araha ba. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa Sarkin Barno yakan sayi doki ɗaya daga fataken Arewacin Afirka a kan bayi 15 ko 20. Tarihin Kano kuma ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da lifidi da sulke da kwalkwali. Sarautu irin su Madawaki da Shamaki da Sarkin Dawaki shaida ne a kan matsayin doki a tsarin mulki. Yawan sunayen da harshenmu ya tanadar masa shi ma shaida ne: akawal da kili da bidi da hurde da gunya da danda, ga ingarma, ga goɗiya, ga dukushi, ga ƙuru. Jama'a ba ta yi wa abu suna barkatai haka sai ta daɗe tana ƙura masa ido.

2. Yanayi da lokacin yaƙi

Masana irin su Joseph Smaldone a littafinsa na 1977 a kan yaƙi a daular Sakkwato, da Robin Law a nasa na 1980 a kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, sun nuna cewa galibin manyan yaƙe-yaƙe da rani ake yin su, bayan an kawar da amfanin gona. Dalilan a fili suke. Da damina mayaƙa suna gona, koguna sun cika, fadamu sun zama taɓo, ƙudaje da sauro sun yawaita, cututtukan dawaki sun tashi. A kudu kuma ga tsando mai kawo sammore. Saboda haka damina lokaci ne na ɗaure doki a gida, a yi masa hayaƙi da yamma don korar ƙwari, a yanko masa ɗanyar ciyawa.

Sai dai akwai wani ɗan tsakani mai haɗari, watau ƙarshen bazara, daga watan Mayu zuwa Yuni. A lokacin nan rundunar da ta makara tana kan hanyar komowa, ayarin fatake na hanzarin isa gida, dawaki kuma sun rame saboda ƙarancin harawa. A daidai wannan lokaci ne hadarin fari ke zuwa. Duk ɗan ƙasar nan ya san kamanninsa. Rana za ta yi zafi, iska ta ɗauke cak, sa'an nan gabas ta yi ja, ta koma baƙi, sai iska mai sanyi ta bugo da ƙarfi tana tafe da bangon ƙura, rana ta koma dare, kana walƙiya da tsawa su biyo baya. Wani lokaci a sami ruwa, wani lokaci ƙurar ce kawai. Masana yanayi sun tabbatar da abin da manomi ya daɗe da sani, cewa irin wannan hadari a jere yake tafiya daga gabas zuwa yamma a duk faɗin yankin Sahel. A ƙarshen damina kuma ga holoƙo, hadarin kaka, mai yawan iska da ruri da ƙarancin ruwa. Waɗannan lokuta biyu su ne jarrabawar mai kiwon doki.

Ina yaro na taɓa ganin haka da idona a wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar, a gidan kakannina. Akwai dawaki biyu a gidan, tsohuwar goɗiya da wani matashin bidi da aka sayo ba da daɗewa ba. Tun kafin mu yara mu ga komi a sama, bidin ya daina cin abinci, ya ɗaga kai, kunnuwansa na juyawa, yana zagaya turke yana huci. Tsohon da ke kula da su ya dubi gabas, ya ce a kwashe shanya. Bai yi gudu ba, bai ɗaga murya ba. Ya kwance bidin ya matsar da shi kusa da goɗiyar a bayan katangar zaure, ta yadda katangar ta tare masa gabas, ya zuba masa dusa, ya tsaya a kafaɗarsa yana susar gindin gezarsa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa har hadarin ya wuce. A lokacin na ɗauka tsufa ne kawai ya hana shi hanzari. Sai bayan shekaru, ina karatu a Ingila, na gane cewa kowane ɗaya daga abubuwan da ya yi yana da dalili wanda masu bincike suka auna suka tabbatar.

3. Abin da doki ke gani da abin da yake ji

Asalin doki dabbar fili ce wadda namun daji ke farauta. Ba shi da ƙaho, ba shi da fiƙa irin ta zaki, makaminsa na fari shi ne gudu. Wanda ya tsaya bincike kafin ya gudu shi aka cinye, wanda ya zabura tun bai tabbatar ba shi ya haifu ya bar iri. Saboda haka tsoron doki ba rashin tarbiyya ba ne, halitta ce.

Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan digiri 350 daga cikin 360 na kewayensa, sai ɗan wuri daf da goshinsa da kuma bayan wutsiyarsa ne ba ya gani. Irin wannan ido gwani ne wajen kama motsi, amma ba shi da saurin sabawa in an fita daga duhu zuwa haske ko daga haske zuwa duhu. Ku auna abin da walƙiya ke yi masa cikin dare: haske ya game duniya, ya ɗauke, ya bar shi a makance na ɗan lokaci, ga kuma kowane reshe da kowane zane na shanya yana motsi.

Kunnensa kuma ya fi namu. Binciken da Rickye Heffner da Henry Heffner suka buga a Amurka a 1983 ya nuna doki na jin siririn sauti mai kaɗawa har sau 33,000 a sakan ɗaya, alhali kunnen ɗan Adam ba ya wuce 20,000. Kowane kunne yana juyawa shi kaɗai, gaba da baya. Amma wani binciken nasu ya nuna doki bai ƙware ba wajen gane takamaiman inda gajeren sauti ya fito. Wannan shi ne babban abin da ke rikita shi game da tsawa: ya ji ta sarai, ƙasa ma ta girgiza a ƙarƙashin kofatonsa, amma bai san ta ina zai guje mata ba. Iska kuma ta zo ta cika masa kunne da hayaniya, ta hargitsa masa ƙamshi da wari, watau ta toshe masa hanyoyin da yake tsaron kansa da su.

In tsoro ya kama shi, alamun ba su ɓuya. Zuciyar da ke bugawa sau 30 zuwa 40 a minti in yana hutawa sai ta ninka. Zai ɗaga kai, farin idonsa ya fito, hancinsa ya buɗe, jiki ya ɗau rawa, gumi ya keto, ya riƙa tonon ƙasa da kofato yana haniniya yana yawan kashi. In abin ya yi tsanani sai tutsu, ko ya miƙe a kan ƙafafun baya, ko ya fizge. A nan ne ake samun karaya da targaɗe da yankan igiya a dantse, wani lokaci kuma ciwon ciki ya biyo baya, wanda ga doki yana iya zama ajali, domin shi ba ya amai.

Game da aradu ita kanta, akwai abin da ya kamata kowane mai dabba ya sani. Yawancin dabbobin da take kashewa ba a kansu take faɗa ba. Tana sauka ne a kan itace ko ƙasa, wutar ta bazu cikin ƙasa, ta shiga ta ƙafafun gaba ta fita ta na baya, ta ratsa zuciya. Tazarar da ke tsakanin ƙafafun dabba mai ƙafa huɗu ita ke sa ta fi mutum shiga haɗari. A watan Agusta na 2016, a ƙasar Nowe, aradu ta kashe barewar ƙasar sanyi 323 a wuri ɗaya, saboda sun cure da juna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ana iya auna nisan hadari da ƙidaya: in sakan 3 ya wuce tsakanin walƙiya da tsawa, to nisan ya kai wajen kilomita 1.

4. Dabarun barga

Yanzu bari mu koma ga muri da yaran barga, mu jera abin da suka gada. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga hira da dattawa masu kiwon doki da kuma abin da na gani.

Na farko, wurin ɗauri. Doki in an bar shi a sake cikin hadari, da kansa yake juya wa iska baya, ya sunkuyar da kai. Magabata sun lura da haka, shi ya sa suke kafa turke inda katanga ko ɗaki zai tare gabas, kuma ba su ɗaure doki ta yadda zai kasa juyawa. A gidajen sarauta da na attajirai doki a cikin gida yake, kusa da turakar mai gida, yana jin muryar mutane dare da rana. Ɗakin barga na ƙasa ne ko na ciyawa, ruwa in ya sauka a kansa ba ya ƙara.

Na biyu, abokin zama. Doki dabbar garke ce, kaɗaici kansa abin tsoro ne a gare shi. Saboda haka akan ɗaure sabon doki ko dukushi kusa da tsoho mai natsuwa, in babu ma akan bar jaki ko rago kusa da shi. A 2008 wata mai bincike a ƙasar Denmak, Janne Winther Christensen, da abokan aikinta suka gwada wannan, suka tarar matasan dawakin da aka haɗa da natsattsen doki sun fi sauƙin tsoro, bugun zuciyarsu ma bai kai na sauran ba.

Na uku, hannu da murya. Susar da tsohon nan ya yi wa bidi a gindin geza, daf da inda sirdi ke zama, nan ne daidai inda dawaki ke susar juna da haƙora in suna shiri. A 1993 Claudia Feh da Jeanne de Mazières suka auna a Faransa, suka ga susa a wannan wuri na rage bugun zuciyar doki. Muri kuma a kafaɗa yake tsayawa, inda doki ke ganinsa kuma hauri ba ya samunsa. Yana yi masa magana ko kirari da muryar da ya saba ji kullum. Dattawa sun nanata mini abu ɗaya, cewa wanda gabansa ke faɗuwa kada ya kusanci doki cikin hadari, domin doki na karanta jikin mutum, in ya ji hannu na rawa a ragama sai ya tabbatar lalle akwai abin gudu.

Na huɗu, abinci. Dabbar da ke tauna ba ta cika tunanin gudu ba. Akan zuba harawa ko dusa da ɗan jiƙon kanwa da zarar an ga gabas ta haɗa. Kanwa dai tsohuwar abokiyar barga ce a ƙasar Hausa, ana ba doki don gyaran ciki, kuma mutanen garin da Barth ya kira kasuwar kanwa ba su rasa ta ba.

Na biyar, rufe ido. In doki ya ƙi natsuwa saboda walƙiya, wasu sukan yafa masa mayafi a fuska. Dabarar tana aiki ga dokin da ya saba da ita, ga wanda bai saba ba kuwa tana iya ƙara masa firgita.

Na shida, in hadari ya riski mahayi a daji. Ƙa'idar ita ce ya sauka, ya sassauta majayi, ya juya bayan dokin ga iska, ya riƙe shi, kada ya sa masa ƙaimi yana neman tsere wa ruwa. A nan ne kawai zan ƙara gargaɗi a kan abin da aka saba: fakewa a gindin itace guda tilo a fili, ko kuka ce ko gawo, shi ne mafi haɗarin abin da mahayi zai yi.

Ba zan ɓoye ba, a cikin abin da aka gada akwai wanda ba shi da tushe. Akwai layun da akan rataya wa doki, akwai camfin gatarin aradu, wanda masu binciken kayan tarihi suka nuna gatarin dutse ne na mutanen dā, akwai kuma cewa wutar aradu ba ta mutuwa sai da madara. Akwai linzaminmu mai tsanani wanda a hannun matsoraci yakan fasa bakin doki. Aikin mai nazari shi ne ya rairaye, ya ware tsaba daga tsakuwa.

5. Daga tsawa zuwa bindiga

Duk dabarun da na lissafa na ranar hadari ne. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Babban aikin tun doki na dukushi ake yinsa, watau sabo. Akan ɗaure shi inda ake kaɗa tambari da ganga, a bi da shi cikin kasuwa, a fita kilisa da shi tare da manya, a kusantar da shi ga abin tsoro kaɗan-kaɗan har ya daina kula. Wannan ilmi ba namu ne mu kaɗai ba. Zenofon, Bagirken da ya rubuta littafi a kan hawan doki a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi horo da a bi da dukushi cikin taro da hayaniya, ya kuma hana dukan doki a lokacin da ya tsorata, domin zai haɗa zafin dukan da abin da ya gani, tsoronsa ya ninku.

Ga mai nazarin tarihi, muhimmancin wannan shi ne tsawa da bindiga a kunnen doki abu ɗaya ne. Barno ta san bindiga tun zamanin Mai Idris Aloma a ƙarni na 16. A ƙarni na 19 kuwa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu yawa, har ya sa ana ƙera igwa ana haɗa albarushi a Zinder. A 1898 Sarki Ahmadu Kuran Daga ya kawo yaƙi har cikin ƙasar Kano. Bindigar wancan zamani ba ta da saiti sosai, kuma tana ɗaukar lokaci kafin a sake ɗura ta, saboda haka rabin amfaninta a ƙara da hayaƙi yake, watau ta tarwatsa dawakin abokan gaba. Ra'ayina shi ne, ga maƙwabtan Damagaram irin su Gumel, dokin da ya koyi tsayuwa cikin tsawa shi ne dokin da za a iya fuskantar 'yan bindiga da shi, kuma wannan horo a barga aka yi shi, a hannun mutanen da yawancinsu bayi ne ko barori, waɗanda ba a rubuta sunansu ba.

Wanda ke son ganin ragowar wannan horo ya dubi hawan salla. Baturen Ingila Dixon Denham ya ga dawakin Shehun Barno a Kukawa a 1823, sanye da sulke, suna sukuwa gadan-gadan su ja linzami su tsaya cak a gaban baƙo. Jafin da ake yi a gaban sarki a yau jikan wannan ne. 'Yan bindiga na barin wuta, kakaki da algaita na tashi, dubban mutane na sowa, dokin sarki kuwa yana takawa ɗai-ɗai. Wannan natsuwa ba da ita aka haife shi ba.

6. Bayan 1903

Faransawa sun ci Zinder a 1899, Ingilishi suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, a shekarar nan kuma Sarkin Gumel Ahmadu ya yi mubaya'a, aka sa ƙasarsa cikin Lardin Kano. Iyakar da Turawan biyu suka shata ta raba Gumel da Tumbi. Daga nan aikin doki na yaƙi ya ƙare, ya koma na rangadi da karɓar haraji da ado. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru, wadda ta bi ta Gagarawa, ta isa Nguru a 1930, daga baya mota ta zo, sa'an nan babur. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da farin 1972 zuwa 1974, da na 1984, kowannensu ya rage dabbobi, domin gidan da ba shi da geron tuwo ba ya ciyar da doki. Abin da ya riƙe doki shi ne hawa: na Kaduna a 1956 don Sarauniyar Ingila, da na bikin FESTAC a 1977, da hawan salla na kowace shekara, har a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da aka gada. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na wannan yanki, inda raƙuma da shanu da dawaki ke shigowa daga Nijar, ko da yake rufe iyaka na 2019 zuwa 2020 da na 2023 zuwa 2024 sun taɓa ta.

To, doki ya saura, amma duniyar da ke kewaye da shi ta sāke, kuma ta fuskar hadari ta ƙara muni. Rufin kwano ya maye gurbin ciyawa da azara. Ruwa ko ƙanƙara in suka sauka a kan kwano, ƙarar a kan dokin take kamar ana kaɗa masa ganga a ka, in iska ta yaye kwanon kuma ya zama wuƙa mai tashi. Turken ƙarfe da sarƙa sun shigo, ga wayar lantarki a bisa, ga leda ko'ina wadda iska ke kwasowa. Itatuwan da ke rage ƙarfin iska sun ragu. Mafi muhimmanci, mai dokin ya sāke. Sau da yawa a yau ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa da ya sayi doki don salla, ya bar shi a hannun yaro wanda bai taɓa zama da muri ba. Dokin da aka sauke daga mota jiya, aka raba shi da garkensu, aka ɗaure shi shi kaɗai a ƙarƙashin kwano, in ya yi ɓarna cikin daren hadari sai a ce mugun doki ne, a sa masa bulala.

Kammalawa

Ina da roƙo iri biyu. Ga ma'aikata, musamman na sashen dabbobi da na ƙananan hukumomin nan huɗu, abin da ake bukata ba mai tsada ba ne. A riƙa faɗakar da masu dawaki kafin faɗuwar damina: a tare gabas, a ɗaure kwano da kyau a yi masa rufin zana ko ciyawa daga ƙasa don rage ƙara, a kawar da tarkace daga barga, a bar turken itace da igiya a maimakon ƙarfe da sarƙa, kada a ɗaure dabba a gindin itace tilo ko sandar lantarki, kada a bar doki shi kaɗai. Dokin da tsoronsa ya wuce misali akwai allurar kwantar da hankali, amma likitan dabbobi ne kaɗai zai ba da ita, kada wani ya sayo ƙwaya a kemis ya ɗura masa. A kuma ci gaba da dashen itatuwan kare iska a gabashin garuruwa.

Ga ɗalibai kuwa, roƙona ya fi gaggawa. Dattawan da suka koyi aikin barga daga waɗanda suka ga zamanin hari sun ƙare, waɗanda suka koya daga gare su ma saura kaɗan. Wanda ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai, ya ɗauki na'urar ɗaukar magana ya tafi bargar fada a Gumel, ya tafi kara a Maigatari ranar Alhamis, ya zauna da muri da dillali da baduku mai ɗinkin kayan doki. Ya tambayi sunan kowace igiya da kowane ɗauri, da kirarin da ake yi wa doki, da abin da ake yi in gabas ta haɗa. Ya rubuta da Hausa, da kalmomin da suka faɗa, ya kuma rubuta sunayensu, domin kakanninsu ba su sami wannan ba.